Mu Gwada Jini Kafin A Sa Ranar Aure

A ikkilisiyoyinmu na Yauri, Ngaski da Shanga akwai gidajen da suka binne yara biyu ko uku, duk da ciwo iri ɗaya: ciwon gaɓoɓi, kumburin hannu da ƙafa, da ƙarancin jini. Sau da yawa sai a ce maita ce, a zargi kishiya ko wata tsohuwa. Wannan ciwo shi ne amosanin jini, wato sikila, kuma gadonsa ake yi daga uwa da uba.

Masana masu binciken asalin jikin ɗan Adam sun gano dalilin yawansa a ƙasarmu. A 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa yaron da ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai, wato AS, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Tun zamanin kakanni irin waɗannan yara suka fi rayuwa, suka girma, suka haihu, har gadon ya bazu. Yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne. Mu kuwa da ke zaune bakin tafkin Kainji, wanda aka tare ruwansa a 1968, mun san sauro farin sani.

Amma in AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, mai ciwon.

Waɗansunmu suna tsoron wannan ilimi, suna ganin zai rushe bangaskiya. Mu dai mun gaskata Allah ne Mahalicci, kuma sanin yadda jiki ya sāke don jure cuta bai rage ikonsa ba. Rashin sani ne yake raba zumunci, ya sa a ɗora wa marar laifi laifi.

Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024. Bai kamata ikkilisiya ta jira doka ba. Muna roƙon fastoci da dattawa su nemi takardar gwaji tun kafin a kai kayan aure, domin rabuwa tana da wuya bayan an sa rana. Yaran da aka riga aka haifa da ciwon kuma, a kwantar da su cikin gidan sauro, a ba su ruwa isasshe, a kai su asibiti da zarar zazzaɓi ya taso. Ubangiji ya ba mu hikima.