Sharhi: Ɗan Talaka da Guzurin Jami'a



Kowace shekara, idan damina ta yi nisa, gero ya fid da kai amma bai isa yanka ba, rumbuna kuwa sun yi ƙasa har maigida yana auna wa iyalinsa hatsi da tiya, a daidai wannan lokaci ne sakamakon jarrabawar bak, ta kammala sakandare, yake fitowa. Sai a ji guɗa ta tashi a wani gida na Madarunfa, ko Gabi, ko Safo, ko Ɗan Isa, alhali uban yaron da ake yi wa guɗar yana zaune a zaure yana lissafin da ya ƙi fita, domin ya san ƙofar jami'a ta buɗe wa ɗansa, amma guzurin shiga ba ya hannunsa.

A da, wanda ya ci bak a wannan yanki galibi ba shi da makoma sai Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600. Tun daga shekarar 2010, da hukuma ta kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, ilimi mai zurfi ya matso kusa, har ga shi Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi tana nan inda mutumin Madarunfa zai je da hantsi ya komo kafin la'asar. Wannan ni'ima ce, ba mu musu. Sai dai kusancin yakan ruɗi iyaye su zaci karatun ba shi da wani nauyi, alhali kuwa kuɗin rajista, da hayar ɗaki, da abincin yau da gobe, da kwafin darussan da malamai suke bayarwa, babu ɗaya daga cikinsu da ya ragu don jami'a ta zo kusa.

Babbar hanyar taimako ita ce ta gwamnati, ta hannun hukumar ANAB, wadda aka ɗora wa alhakin rabon bursi, wato kuɗin tallafin karatu, ga ɗaliban da suka cika sharuɗɗa, da kuma wani tallafi da bai kai bursi ba ga waɗansu daga cikin waɗanda ba su samu ba. Ban da wannan akwai hukumar CROU, mai kula da abinci mai rahusa da ɗakunan kwana, ko da yake ɗakunan ba su taɓa isar masu nema ba. Ana duba makin da ɗalibi ya samu, ana kuma duba shekarunsa na haihuwa, kuma a nan ne nake ganin ɗan ƙauye yana cutuwa, tun da shi ne wanda aka sa lakkol a makare, shi ne kuma wanda ya maimaita aji sabili da noma ko kiwo ko rashin malami, ba don kasawar basira ba.

Takardu ma mas'ala ce da ba a ba ta haƙƙinta. Sau da yawa za a tarar an rubuta sunan yaro Mamman a takardar haihuwa, a shaidar bak kuwa Mahaman, a takardar zama ɗan ƙasa kuma sunan uba ya zo da wani harafi dabam. Wannan ɗan saɓani, wanda gyaransa a gaban alƙali yakan ci makonni, ya isa ya sa a ajiye takardun yaron gefe har wa'adi ya wuce. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wajibi ne uba ya ɗauko takardun ɗansa tun yana ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, ya sa mai karatu ya gwada su ɗaya bayan ɗaya.

To, ko da an yi dace sunan yaro ya fito, abin da kowane ɗalibi a ƙasar nan ya sani shi ne bursi ba ya zuwa a kan kari. Jinkirinsa tsohon ciwo ne, wanda ƙungiyar ɗalibai ta USN ta daɗe tana kuka a kansa, kuma halin rayuwar ɗalibai yana cikin abubuwan da suka fid da su kan titi ranar 9 ga Fabrairu 1990, lokacin da aka kashe uku daga cikinsu a gadar Kennedy ta Yamai, haka nan a watan Afrilu na 2017, da aka sake rasa ran ɗalibi a Yamai. Ɗan attajiri yana iya jira, domin akwai mai aiko masa. Ɗan manomi kuwa, a watannin nan na farko da ba ya da ko dala, shi ne za ka gani ya komo gida ranar kasuwa ya ɗauki garin rogo da ƙuli-ƙuli a ƙullin leda, ko ya karɓi babur ɗin wani yana kabu-kabu a cikin Maraɗi a sa'ar da abokansa suke aji, har jarrabawa ta zo ya faɗi, faɗuwar kuma ta jawo masa asarar bursin da bai ma fara ci ba. Ɗiya mace kuwa ba ta da ko wannan mafita. Da zarar uba ya gaza, sai maganar aure ta taso. A ra'ayina, yawancin waɗanda muke rasawa a wannan tsakani muke rasa su.

Akwai guraben karatu na ƙasashen waje, irin na Maroko da Aljeriya da Turkiyya, da na Azhar da Jami'ar Madina ga masu Larabci, ga kuma Jami'ar Musulunci ta Sayi a cikin gida. Amma guraben kaɗan ne, kuma duk dillalin da ya nemi kuɗi don ya samo wa yaro gurbi, a guje shi. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun buɗe asusun NELFUND a 2024, mai ba ɗalibansu rance marar ruwa, abin da ya cancanci hukumominmu su yi nazarinsa.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da muke iyawa da kanmu, tun da ɗaukar nauyin mai neman ilimi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu, kuma Azhar ta rayu ɗaruruwan shekaru a kan wakafi, har da masaukin da aka keɓe wa mutanen Barno. A garuruwanmu ma, wane malami ne ya yi karatu ba tare da akushin wani gida ya bi shi ba? Malamai da yawa sun halatta a ba ɗalibi matalauci zakka, wakafi kuwa sadaka ce mai gudana, kuma yanzu ƙasarmu tana da doka da hukuma ta musamman a kansa. Me zai hana wani bawan Allah daga alhazan Maraɗi, waɗanda asalin da yawansu daga ƙauyukan nan ne, ya tsayar da gida guda kusa da jami'a ya zama masaukin ƴaƴan Madarunfa har abada? Me zai hana a keɓe fegi ɗaya na zogale a lambunan Jiratawa, abin da ya fito a zuba cikin asusun da zai ranta wa sabon ɗalibi kuɗin rajista da na abinci, ba ruwa ba ƙari, ya mayar ranar da bursinsa ya sauka, na bayansa ya ɗauka?

Na san abin da zai zo a zuciyar mai karatu, cewa irin wannan asusu ya sha mutuwa a hannun masu riƙonsa, kuma gaskiya ne. Saboda haka sharaɗinsa shi ne a raba shi da jam'iyya, a raba shi da zumunta, a ajiye littafi, a riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, sunayen mabukata kuwa su fito daga shugabannin lise, waɗanda suka san yaran tun suna ƙanana. Limamai da hakimai da magadan gari su zauna a kan wannan magana kafin a fara ɗaurin dami, domin a kaka ne ake fid da zakkar hatsi, kuma a daidai lokacin ne sababbin ɗalibai suke neman kuɗin rajista.