RA'AYINMU: A Tambayi Makiyayi Ina Siha Ta Tafi

Duk dattijon da ya yi kiwo a Butana, gabas da Hartum, ya san siha. Tsiro ce gajeriya mai ƙaya, furenta shuɗi-shuɗi, 'yar'uwar faskara-toyi ta ƙasar Hausa, kuma tana riƙe dabba har tsakiyar rani bayan ciyawa ta ƙare. Yau ta yi ƙaranci ƙwarai, kuma da an tada maganar sai a ce yawan kiwo ne.

Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Wa ya matse garkuna a wuri ɗaya? A 1968 aka kafa hukumar noman inji, a 1970 doka ta mayar da duk filin da ba shi da rajista mallakar gwamnati, manyan gonaki suka cinye makiyaya da burtali. Miskit kuwa, wanda ya mamaye filaye har aka ba da umurnin tumɓuke shi a 1995, ba makiyayi ya kawo shi Sudan ba. Shigo da shi aka yi a 1917, aka dasa a Shambat.

Abin da ya fi damunmu shi ne, ana rubuta sunayen itatuwan da ke neman ɓacewa ba a tambayi mai bin daji ba. Dubi argun, ɗan'uwan goruba. Masana sun daɗe suna tsoron ya ƙare, sai a 1995 wasu Turawa biyu suka gan shi a hamadar Nubiya, alhali masu raƙuma na yankin suna saƙa tabarma da kabarsa. Ko anza, wadda Larabawa ke kira mukhet, wa ya kai mutanen Darfur da Kordofan sanin darajarta, su da suka rayu da 'ya'yanta a yunwar 1984?

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 gatarin masu gawayi bai huta ba, saboda haka aikin na gaggawa ne. Muna kira ga makiyaya da fataken da ke shiga kasuwar Muwelih ta Omdurman: in kun ga tsiron da ya yi wuyar gani, ku ɗauki hoton ganye da fure da 'ya'ya, ku faɗi sunansa da Hausa da Fillanci da Larabci, da wurin, da watan. Ƙungiya za ta tattara ta miƙa wa masanan tsirrai na Jami'ar Hartum, da sharaɗi guda: kada a fake da wannan a killace mana makiyaya. Inda siha ta saura kuma, a yi haƙuri a kau da garke sai ta zubar da iri.