Asirin Wasiƙa a Zamanin Wayar Hannu

Tun da aka fara aika wasiƙa a duniya mutane su ke neman dabarar da za ta hana ɗan aike karanta abin da aka ba shi. A dā a kan liƙe ambulan, a ɗiga masa jan kaki, a buga hatimi. Wanda aka rubuta wa, in ya ga hatimin ya karye, ya san an yi masa leƙe. Yau wasiƙa ta koma cikin wayar hannu, ɗan aiken kuwa ya zama kamfanin da ba mu taɓa ganin idonsa ba. Don haka mu ke so mu yi shawara da masu karatunmu, tun ba akawuna da malaman makaranta ba, game da manhajojin da aka ƙera don tsare asirin saƙo, da abin da ya hana jama'a rungumarsu.

Ga yadda abin ya ke. Wayar mai aikawa ita ke kulle saƙo, ta mai da shi shirmen da ba ya karantuwa, ba kuwa mai buɗe shi sai wayar wanda aka aika wa, gama mabuɗin yana cikinta. Kamfanin da ke tsakani dako kurum ya ke yi. Wadda ta fi suna a wannan fanni ita ce Signal, wadda ta fito a Amurka cikin 1914 da ɗari, watau 2014, a hannun Moxie Marlinspike da abokan aikinsa. Cikin 2016 masu bincike na gwamnatin Amurka suka zo mata da takardar kotu suna neman bayani a kan waɗansu lambobin waya. Iyakar abin da aka samu wurinta shi ne ranar da aka yi rajista, da ranar ƙarshe da wayar ta haɗu da ita. Ba ƙi ta yi ba, abin da ta ajiye ke nan.

WhatsApp ma tun watan Afrilu na 2016 irin kullen Signal ta ke aiki da shi. Bambancinsu yana bayan ambulan. Ko ba a buɗe wasiƙa ba, wanda ya ke ganin sunan mai ita, da lokacin da aka aika, da inda ta fito, ya san abu mai yawa. WhatsApp tana tattara lambar waya, da irin wayar, da lokutan da a ke amfani da ita, ga shi kuma tun 2014 ta zama mallakar kamfanin Facebook, wanda yanzu a ke kira Meta, mai cin abinci da talla. Maganar ba ta tsaya ƙasashen waje ba, gama cikin Yuli na 2024 hukumar Nijeriya mai kare haƙƙin masu saye ta ci wannan kamfani tarar dala miliyan 220 saboda yadda ya ke yi da bayanan mutanen ƙasar.

To, in haka ne, me ya hana kowa ƙaura? An dai gwada. Cikin Janairu na 2021 WhatsApp ta sanar da sababbin sharuɗɗa, ta ce a karɓa kafin 8 ga Fabrairu. Hankalin mutane ya tashi. Telegram ta ce cikin awa 72 ta sami sababbin mutane miliyan 25, Signal kuwa cunkoso ya yi mata yawa har injunanta suka tsaya ran 15 ga watan. WhatsApp ta ɗaga wa'adin zuwa 15 ga Mayu, ƙura ta lafa. Cikin 2020 masu amfani da ita biliyan 2 ne, cikin 2025 sun wuce biliyan 3. Watau guguwar ba ta rage ta da kome ba.

Dalili na farko shi ne jama'a. Manhajar saƙo kamar kasuwa ce, amfaninta ya rataya ga waɗanda su ke cinta. Mutum ya sa Signal cikin wayarsa, ya duba ya ga mutum uku kaɗai ya sani a ciki, surukansa da shugabansa da 'yan ajinsu duk suna can inda ya baro su. Bayan mako biyu sai ya koma. Mai son ya zarge shi ya ce sabo turken wawa, amma mu ba mu ga wautarsa ba. Ba wanda ke kai kaya kasuwar da ba ta ci.

Na biyu shi ne wuyar aiki, wannan kuwa tsohon ciwo ne. Cikin 1999 Alma Whitten da J. D. Tygar suka gwada mutum 12 da wata manhajar kulle wasiƙa mai suna PGP, suka ba kowa minti 90. Mutum 4 kaɗai suka iya kulle saƙon da sa masa hannu daidai, 3 kuwa suka aika asirin a buɗe ba su sani ba. An sami sauƙi ƙwarai tun daga sa'an nan, amma da saura. Wanda ke so ya tabbata da abokinsa ya ke magana cikin Signal, sai su gwama wata lamba mai alƙaluma 60, ko su haɗu ɗaya ya haska wayar ɗaya. Mutum nawa za su yi haka? Shekara da shekaru, mai iPhone in wayarsa ta ɓace, saƙonninsa sun tafi ke nan, sai cikin 2025 aka fito da ma'aji mai kulle. Cikin 2022 kuma Signal ta sanar za ta daina ɗaukar saƙon tes na yau da kullum a wayoyin Android, don kada mutum ya aika a buɗe yana tsammanin a kulle ya ke. Hujjar tana da kyau, amma da yawa wannan sauƙin ne ya riƙe su a ciki.

Na uku kuɗi ne. Signal ba ta talla, da gudummawa ta ke tafiya. Brian Acton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa WhatsApp, shi ya ba da dala miliyan 50 aka kafa gidauniyarta cikin 2018, cikin 2023 kuwa ita da bakinta ta ƙiyasta kamar wannan adadi za ta riƙa ci kowace shekara zuwa 2025. Threema ta ƙasar Suwizalan saye a ke yi, shi ya sa ba ta yaɗu ba. A nan wajenmu kuma kamfanonin waya su kan sayar da data mai araha don WhatsApp da Facebook, ƙaramar waya kuwa ba ta da wurin ɗaukar manhaja biyu masu aiki iri ɗaya. Mai ƙaramin albashi dole ya yi lissafi.

Na huɗu ruɗu ne. Da yawa cikin waɗanda suka gudu Telegram sun ɗauka sun shiga ganuwa, alhali kuwa hirarta ta yau da kullum ba ta da irin kullen da mu ka bayyana, sai mutum ya buɗe hirar asiri da gangan, ita ma tsakanin mutum biyu kaɗai, ban da taro. Har wa yau, kome kyan kulle ba ya maganin sakaci. Cikin Maris na 2025 Mike Waltz, mai ba Shugaban Amurka shawara kan tsaro a lokacin, ya sa editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, cikin taron Signal inda manya ke shirya kai hari Yaman. Ba wanda ya fasa kullen. Da hannunsu suka buɗe wa baƙo ƙofa.

Wani zai ce, wanda ba shi da laifi me zai ɓoye? Amsarmu ita ce, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Malamin da ke riƙe da tambayoyin jarrabawa ba mai laifi ba ne, haka akawun da ke riƙe da takardar albashi, ko rahoton rashin lafiyar wani yaro. Amanar mutane ce a hannunsu, in kuwa ta fita, su za a tambaya.

Shawararmu ga maƙeran waɗannan manhajoji ita ce su auna aikinsu da tsoho mai ƙaramar waya wanda bai iya Turanci ba. In shi bai iya ba, aiki bai ƙare ba.

Ga masu karatunmu kuwa, kada kowa ya yi ƙaura shi kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugaban ofis ko hedimasta ya tara mutanensa, a yanke irin maganar da ta cancanci asiri, a koma da ita rana ɗaya, wanda ya iya ya zauna da wanda bai iya ba har ya iya. Gaisuwa da sanarwar suna da biki a bar su inda su ke. Kafin a aika kome a taro, a duba sunayen waɗanda ke ciki ɗaya-ɗaya. A sa wa wayar kanta kulle, gama saƙon da ya iso a buɗe ya ke ga duk wanda ya ɗauke ta. Abin da ya ke hukunci ne na ofis kuwa, kada a bar shi cikin saƙo mai goge kansa, a rubuta shi a sa cikin fayil yadda aka saba, don wanda zai gaji kujerar gobe ya tarar da shi.