Kafin A Kawo Wa Asibitinmu Sabuwar Na'ura, A Fara Tambaya: Wa Zai Gyara Ta?

Yau ba saitin waya zan koya maka ba. Wata magana ce ta tsaya min a rai, kuma ina ganin ta shafe ka ko da ba ka taɓa riƙe sukundireba ba.

Kwanakin baya wata malamar asibiti ta kawo min waya shago. Tocilar ta daina kawowa, batirin kuma ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Da na juya wayar sai na ga gefenta duk sawun haƙori. Na ce, "Anti, yara ne suke tauna miki waya haka?" Ta yi dariya ta ce, "Ni ce, ƙanena. In haihuwa ta zo da dare babu wuta, hannuwana biyu suna kan aiki, da me kake so in riƙe ta?" Ta ce ai akwai sola a ƙaramin asibitin da take aiki, wasu ne suka saka musu, amma tun bara ta mutu kuma babu wanda ya zo ya duba.

Na gyara mata wayar ta tafi, ni kuma ta bar ni da tunani. An kashe kuɗi, an ɗauki hoto ranar buɗewa, amma mai naƙuda tana haihuwa da hasken wayar da aka ciza a baki.

Ra'ayina shi ne: duk na'urar lafiyar da za a kawo wa talaka, kada a auna ta da kyanta ko tsadarta. A auna ta da abu biyu. Za ta yi aiki in NEPA ta ɗauke? In ta lalace, akwai wanda zai iya tayar da ita a garin? In amsar a'a ce, to kayan ado aka kawo.

Bari in ba ka labarin da ya faro daga nan gida. A 2008 wata likitar mata 'yar Amurka, Dakta Laura Stachel, ta zo Zariya tana binciken abin da ke kashe mata wajen haihuwa. A asibitin gwamnati na Ƙofar Gayan ta zauna. Ta tarar da ma'aikata sun san aikinsu, wuta ce ke ba su matsala. Ana karɓar haihuwa da fitilar kananzir, ana tiyata da tocila, wani aikin ma sai a jira gari ya waye. Mijinta, Hal Aronson, masanin sola ne, sai ya tsara wa asibitin wutar rana. Ya kuma haɗa mata ɗan ƙaramin samfuri da zai shiga akwatin tafiya, don ta nuna wa ma'aikata yadda abin zai kasance. Da suka gani sai suka roƙe ta ta bar musu shi. Ƙananan asibitocin kewaye ma suka ce suna so.

Daga nan aka samu abin da ake kira Solar Suitcase, wato akwatin sola, ɗan akwati ruwan ɗorawa na ƙungiyar We Care Solar. A ciki akwai batiri da kwanturola, fitilun LED masu haske sosai, tocilar goshi, wurin cajin waya, da 'yar na'urar jin bugun zuciyar jariri tun yana ciki. Yanzu ana amfani da shi a dubban asibitoci, a Najeriya, Laberiya, Yuganda, Saliyo, har Nepal.

A matsayina na mai gyara, ka san abin da ya fi burge ni? Akwatin yana aiki da wutar batiri kai tsaye, bolt 12, ba ya buƙatar inbata. Duk wanda ya san harkar sola ya san inbata tana cikin abubuwan da suka fi ba da ciwon kai. Sun cire ta, sun rage abin da zai lalace. Kuma ba sa ajiye akwati su juya, suna horar da mutanen wurin yadda ake girka shi da kula da shi.

Misali na biyu daga Malawi ne. Jariri bakwaini sau da yawa huhunsa bai gama ƙwari ba, yana buƙatar na'urar da za ta riƙa tura masa iska a hankali ta hanci don kada huhun ya rufe. Ana ce mata CPAP. Irin wadda ake amfani da ita a Turai da Amurka tana da tsada ƙwarai. Sai ɗalibai da malaman Jami'ar Rice ta Amurka suka haɗa kai da likitocin asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre, suka ƙera tasu mai suna Pumani. Da me? Da famfon iska irin wanda ake sa wa kifin ado a akwatin gilashi, da kwalbar ruwa wadda ke daidaita ƙarfin iskar. A binciken da aka buga a 2014, jarirai 71 cikin 100 da aka sa wa na'urar sun rayu, waɗanda suka samu oksijin kaɗai kuma 44 cikin 100. Ka ji fa, famfon kifi. Abin da ya sa ya yi aiki shi ne an ƙera shi don inda za a yi amfani da shi.

Yanzu ka duba ɗaya ɓangaren. A 2011 wasu masu bincike na Jami'ar Duke, Lora Perry da Robert Malkin, sun duba lissafin na'urorin asibiti sama da 100,000 a ƙasashe masu tasowa 16. Sun tarar kusan 38 cikin 100 ba sa aiki. A wani binciken kuma da Malkin ya yi kan na'urorin da suka lalace a asibitoci 60, an gano kusan kashi biyu cikin uku za a iya tayar da su da ilimin gyara na farko-farko, ba tare da an yi odar kaya daga waje ba.

Wallahi wannan bai ba ni mamaki ba, don kullum ina ganin irinsa a kan tebur. Mutum zai zo hankali a tashe, wai wayarsa ta mutu, har ya fara tambayar kuɗin sabuwa. In duba, ƙura ce ta cika wurin caji. Minti biyar an gama. Haka na'urar asibiti. Wata fis ne ya ƙone. Wata wayar wutarta ɓera ya ci. Wata an kawo ta daga Amurka inda wutarsu 110 ce zuwa 120, aka jona ta a tamu mai 220 da ɗoriya babu taransifoma, ta yi hayaƙi ranar farko. Wata, kamar injin tace oksijin, matatar ƙurarta ce ba a wanke ba har ta toshe, alhali duk mako ya kamata a wanke ta. Sai a tura ta sito a rufe, a ce "ta lalace."

Na san wani zai ce, "Kai malam, jikin mutum ba waya ba ne. Kana so mai gyaran waya ya buɗe na'urar da ran jariri ke rataye da ita?" Gaskiyarsa, kuma ina tare da shi. In na yi kuskure a waya, kuɗi zan biya. In aka yi kuskure a na'urar numfashi, babu kuɗin da zai biya. Gyaran kayan asibiti sana'a ce mai zaman kanta, ana karanta ta, tana da ƙa'idoji, kuma bayan gyara sai an auna an tabbatar na'urar tana ba da daidai abin da ake so. Kada wani ya karanta rubutuna ya ɗauki mita da dalma ya nufi ɗakin haihuwa.

Abin da nake cewa shi ne, masu wannan sana'ar sun yi mana kaɗan, kuma ba kasafai ake samunsu a asibitin ƙauye ba. Ga shi muna da matasa birjik, daga Farm Centre a Kano har zuwa 'yar rumfar caji ta ƙauye, waɗanda suka san batiri, suka san bin layin wuta da mita, suka saba aiki a kan abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta. Me zai hana a zaɓo wasu a ba su horo na gaske, da takardar shaida, da wanda zai sa musu ido? Ko ba a ba su manyan na'urori ba, su riƙe sola, fitila da batiri. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da waya daga bakin malamar asibiti.

Wani kuma zai ce wannan aikin gwamnati ne. E, nata ne, kuma mu ci gaba da tuna mata. Amma matar da naƙuda za ta kama yau da ƙarfe biyun dare ba za ta jira kasafin kuɗin baɗi ba.

To kai me za ka iya yi?

1. In ƙungiyarku ko wani mai hali zai sayi na'ura ya ba asibiti, ku yi tambaya huɗu kafin a biya: wace wuta take ci, ina ake samun kayan gyaranta, wa za a koya wa amfani da ita, kuma lambar wa za a kira in ta tsaya?

2. Ku ware kuɗin gyara tun ranar saye. Batiri yana da wa'adi, kamar na wayarka. Wanda ya sayi sola bai tanadi kuɗin canza batiri ba, rabin aiki ya yi.

3. In asibitin unguwarku yana da sola, ku nemi izinin shugaban wurin ku riƙa goge farantin da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin ya yi zafi. Da hunturu ƙura tana rage masa ƙarfi sosai. Ku kuma duba ko reshen bishiya ya yi masa inuwa.

4. Don Allah mu daina mayar da solar asibiti wurin cajin unguwa. Wayoyi ashirin da fanka da rana, ai dole fitila ta mutu kafin asuba.

5. In ka ga na'ura a jingine, ka sanar da kwamitin unguwa da ke kula da asibitin, su rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Su ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan na'urar, mai suna da lamba da irin wutar da take ci. Wannan hoton yana sauƙaƙa wa mai gyara aiki tun kafin ya taso.

'Yan uwana masu sana'ar gyara kuma, in kun ji ana ba da horon sola ko na kayan asibiti, ku nema. Akwai abinci a ciki, akwai lada.

Ita dai antin nan na saka mata sabon batiri, na kuma ba ta shawarar ta sayi tocilar goshi mai caji kafin a gyara musu solar. Ta ce za ta saya in an yi albashi.

Ka tura wannan rubutu ga duk wanda ka san yana da ta cewa a asibitin garinku. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.