Gayyar na'urori a rumfar masu tura fim

A wannan mako za mu leƙa wata sana'a da ta kafu a kasuwanninmu na kudancin Damagaram, daga Magarya har Dungas, wato sana'ar samarin nan masu zuba fina-finai cikin salula. Kowa ya san rumfarsu: tebur, kwamfuta guda, da mutane a tsaye kowa riƙe da katinsa. Abin da mai jira bai sani ba shi ne, tura fim minti kaɗan ne. Juya shi zuwa siffar da salula za ta karanta shi ne ke cinye yini.

Tun 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, fim ɗin Hausa yake ƙetaro iyaka zuwa gare mu. Kaset ya wuce, faifan CD ya bi bayansa, yau fim ya zama fayil, ba shi da jikin da za a taɓa. Amma nauyinsa yana nan. A kowace daƙiƙa hotuna 25 ne ke gilmawa gaban ido, ke nan fim na awa 2 yana ɗauke da hotuna 180.000. In da za a ajiye kowane hoto mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yadda yake, da fim guda ya haura gigabait 1.000. Shi ya sa masana suka ƙirƙiro dabarar matsewa: na'ura ta ajiye cikakken hoto guda, sa'an nan a hotunan da ke biye ta rubuta abin da ya sauya kawai. Idan jarumi yana magana a zaure, bakinsa ke motsi, bangon zaure yana nan inda yake.

To, hanyoyin matsewar suna da yawa. Akwai H.264 ta 2003, wadda kusan kowace babbar salula ta sani. Akwai H.265 ta 2013, mai rage nauyi ƙwarai, amma tsofaffin wayoyi ba su gane ta. Ƙananan salula masu maɓalli kuwa 3GP suka fi sani. Juyi shi ne a warware hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, a sake matse su. Tsohuwar kwamfuta takan share sa'o'i a kan haka, mai saye kuma ba ya jira.

Manomanmu sun daɗe da sanin maganin gonar da ta fi ƙarfin mutum guda: gayya. Na'urori ma suna yin ta. Ana haɗa kwamfuta biyu ko uku da waya ta cikin wani ɗan akwati mai raba layi, ɗaya ta zama uwar gida mai ajiye fina-finai, sauran su ɗiba su juya su mayar. Haka kamfanin Pixar na Amurka ya haɗa na'urori 117 suka zana hotunan fim ɗin Toy Story na 1995, haka kuma Netflix yake yanka kowane fim gunduwa-gunduwa ya raba wa na'urori masu yawa. Kayan aikin ma kyauta ne: manhajar FFmpeg, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya soma a 2000, ita ce ke cikin yawancin manhajojin juyi da samarinmu ke amfani da su, ko da ba su taɓa jin sunanta ba.

Rabon aikin iri biyu ne. Ko dai a yanka fim guda a raba guntayen, ko a ba kowace na'ura fim nata sukutum. Na farko yana da ƙa'ida: ba a yanka sai daidai kan cikakken hoto, in ba haka ba wurin ɗinkin zai fito da dameji, murya kuma ta riga baki ko ta makara. A ganina wannan aikin manyan kamfanoni ne. Rumfar Magarya ta biyu ce ta dace da ita, musamman yanzu da fina-finai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka zo kashi-kashi, kamar gonar da aka riga aka ja wa kunya. Sai dai kada a raba daidai wa daida, domin mai sauri za ta gama ta zauna tana jiran raguwa. A tara aikin wuri guda, wadda ta gama ta ɗauki na gaba.

Amma gayya ba ta yiwuwa sai da tuwo, tuwon na'ura kuwa wuta ce. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har zuwa Maris na 2024. Wanda ke tada gurup ya lissafa kuɗin esansi kafin ya kunna tsofaffin kwamfutoci uku. Ya kuma sani cewa tun 2011 kamfanin Intel yake sanya wani sashe na musamman mai suna Quick Sync cikin yawancin ƙwaƙwalen da yake ƙerawa, aikinsa juyin bidiyo kawai. Sau da yawa kwamfutar hannu guda mai wannan sashe, ga ta da batir, takan wuce tsofaffi uku. Ɗan kasuwa ya bincika wannan kafin ya zuba jari. (Batun haƙƙin masu shirya fim, waɗanda ba su ganin ko dala daga wannan ciniki, sai wani mako.)

Ga 'yan uwana ma'aikata kuma, masu ɗaukar taron hukuma, bikin naɗin sarauta ko hawan salla: kowane juyi yana zubar da wani abu daga hoton, kamar takardar da aka yi wa fotokofi, aka sake yi wa kofin fotokofi. Abin da ya zube ba ya dawowa, ko na'ura ɗari aka haɗa. Wanda aka matse don a aika ta WhatsApp na aikawa ne kawai. Fayil na asali, yadda ya fito daga kamara, a ajiye shi a faifai biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a wani ginin dabam.