Zuwa ga makanikan injin ban-ruwa na Sabon Birni da Isa

Wannan wasiƙa ta iyayen gidan sana'a ce, makanikan da suka shekara ashirin ko talatin hannunsu cikin baƙin mai, suna raya injinan da ke shayar da albasa da alkama a fadamun Gulbin Rima, daga kufan Alkalawa har gonakin Isa.

Irin wannan maigida da kunne yake aiki. Ana ja wa inji igiya ya yi tari sau biyu, tun daga kan benci zai ce fulogi ne ko kafireta, kuma da wuya ya kuskure. To amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin fetur, litar da gwamnati ta ƙayyade ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Manomin da ke da hali ya fara tambayar famfon sola, kuma wurin makanikensa na kullum yake zuwa da tambayar.

Farantin sola kuwa ba ya tari, ba ya hayaƙi. Lafiya lau yake ko ya lalace, shiru ɗaya yake yi. Kunnen nan na shekara talatin ba zai ji komai ba, sai an ɗauko mita an auna. Nan ne girma ke shiga tsakani, domin sau da yawa wanda ya iya karanta mitar yaron shago ne da ya ɗan zauna a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato. Mai wannan wasiƙa yana roƙon maigida ya jawo benci kusa da yaron, ya ce masa: “Ɗana, nuna mini.” Gemu ba ya hana ilimi, kuma yaron da aka girmama haka ba ya raina ubangidansa.

Akwai abin da ya wajaba maigida ya sani kafin ya taɓa waya. Idan aka jera faranti bi da bi, ƙarfin wutarsu haɗuwa yake yi: guda goma masu bolt 45 sun ba da 450, wutar da ke kisa. Inji ana kashe shi kafin a sa hannu, rana kuwa ba ta da makunni. Wani abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne sanyi na ƙara wa faranti ƙarfin wuta, don haka kwantirolar famfon da ta jure zafin Afrilu tana iya ƙonewa da safiyar hunturu, in an cika mata faranti har iyakarta. A wannan yanki faranti kudu yake fuskanta, a ɗan kishingiɗe, kuma ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta rage ruwan da ke fita a tiyo. Kafin a zargi famfo, a fara goge gilashi.

Ba duka ilimin maigida ya tafi ba. Shi ya san zurfin ruwan kowace fadama a watan Maris, ya san cewa injin da ke zuƙa daga sama ba ya jawo ruwan da ya wuce mita bakwai ko takwas, ya san yadda rairayi ke cinye cikin famfo. Mai sayar da faranti a birni bai san waɗannan ba. Ga kuma halin da hanyoyin yankin ke ciki: manomin da famfonsa ya tsaya ana tsakar dashen albasa ba zai jira ma'aikaci daga Sakkwato ba, makaniken garinsu zai nema.

Saboda haka aikin farko ya zama ƙarami: faranti biyu da ɗan famfo a rijiyar gida. Maigida ya sayi littafin rubutu, ya riƙa auna wutar da hantsi da azahar da la'asar har mako biyu, yana rubuta lambobin, yaron na gefensa yana duba masa.