Karkiyar Wa Ke Wuyanka?

Wata matashiya daga Shagari ta tambaye ni inda za ta sami gwanin malamin yoga da zai yi wa ruhunta jagora shekara da shekaru. A YouTube ta gan su. Ban ce motsa jiki zunubi ba ne. Mai ciwon baya ya miƙe abinsa. Ita kuwa jagora take nema.

A harshen Sanskirit na Indiya, tushen kalmar yoga shi ne ɗaura karkiya. Almajiri yakan miƙa wuya ga malaminsa, ya karɓi kalmar da zai riƙa maimaitawa, sau da yawa sunan wani abin bautar Hindu. Kai da aka yi wa baftisma, Matiyu 11:29 bai gaya maka karkiyar wa ka ɗauka ba?

Dubi Sifawa ta Bodinga, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ɗalibansa na gabansa kullum, suna ganin halinsa. Na cikin waya fa, wa ya san gidansa?

Mu fastoci ma da laifinmu: wa'azin Lahadi kaɗai muka ba ta. Yanzu na haɗa ta da wata dattijuwa a zumuntar mata.